Rashin sani ne ko da gangan? Amsa ga mai shagon ɗinki a Garwa

Tambayar wannan mako ta fito daga wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, wanda kuma yake da shagon ɗinki a unguwarsu. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Malam, 'yan shekarun baya teloli tara ke aiki a ƙarƙashina, yanzu huɗu suka rage. Gwanjo da ɗinkakkun kayan Sin sun cinye mana kasuwa, mai ya yi tsada, mutane ba kuɗi. Kullum muna gardama da surukina. Shi ya ce manyanmu na Yawunde ba su san halin da ake ciki ba ne, da sun sani da sun gyara. Ni kuwa na ce sun sani sarai, da gangan suke kashe sana'ar talaka. Na sayar da fili, ina da sefa miliyan 6 a hannu. Surukina ya ce in rufe shagon in shiga sarin shinkafar waje. Wa ke da gaskiya a cikinmu, kuma ina zan sa kuɗin nan?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Gardamarku da surukinka ba ta banza ba ce, domin amsarta tana da alaƙa da inda ya kamata kuɗinka ya shiga. Wanda ya ɗauka rashin sani ne zai zauna jiran ranar da za a gane a gyara. Wanda ya ɗauka ƙiyayya ce zai yanke ƙauna ya watsar da sana'arsa. Ni a ganina ka fi surukinka kusa da gaskiya, amma akwai gyara a maganarka. Sun sani, a yawancin lokuta. Sai dai ba kai ake hari ba. Akwai waɗanda ake tsoron fushinsu, akwai waɗanda ke da kujera a ɗakin da ake yanke shawara, kai da telolinka kuwa ba kwa cikin ko ɗaya, don haka idan aka zo rabon asara sai a ɗora muku, an san ba za ku tsayar da komai ba.

Mu fara da shinkafa, tunda ita surukinka ke kira. A ƙarshen Fabrairun 2008 direbobi suka shiga yajin aiki a Duwala saboda ƙarin kuɗin mai, abin ya rikiɗe ya zama tarzomar tsadar rayuwa, ya bazu har Yawunde da wasu garuruwan kudu. Gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun haura 100. A farkon Maris aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi da kashi 15 cikin ɗari, aka kuma dakatar da kuɗin duwan, wato harajin kwastam, a kan shinkafa da kifi da alkama. Sai a 2016 aka mayar da kashi 5 cikin ɗari a kan shinkafa. Yanzu ka tambayi surukinka: waɗanda suka sa hannu a wannan takarda ba su san da Yagwa da Maga ba ne? Gwamnati ce da kanta ta kafa SEMRY, kamfanin noman shinkafa na Yagwa, a 1971, ita ta gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa. Babu wanda zai ce an manta da manoman bakin kogin Logon. An auna ne. A gefe ɗaya ga mazauna Duwala da suka nuna za su iya rufe tashar jiragen ruwa, a ɗaya gefen ga manomin da ke nesa da fadar shugaban ƙasa da sama da kilomita 1,000. Aka zaɓi kwantar da birni. Kuma ka lura, telolinka ma sun ci moriyar shinkafa mai sauƙi a lokacin. Abin da ya cuci manomin Yagwa shi ya sauƙaƙa wa tela a Garwa tukunyarsa. Talakawa ba jaka ɗaya suke ba, kuma masu mulki sun san da haka fiye da kowa.

Abin da ke sa in ce akwai ganganci shi ne daɗewar abin. Matakin gaggawa na wata shida kowa zai fahimta. Amma kusan shekara takwas ana shigo da shinkafar Tailan da Indiya ba duwan, ana ganin adadin yana hauhawa har ya wuce abin da cikin 'yan Kamaru zai ɗauka. A 2019 wajen tan 900,000 aka shigo da su, kuma duk wanda ke zaune kusa da iyaka ya san ina rarar take nufa, wato Najeriya. Wa ya ci ribar? 'Yan tsirarun manyan kamfanonin da ke da jarin ɗauko jirgin ruwa guda. Ga ma'aunin da nake amfani da shi, kai ma ka riƙe: kuskuren rashin sani yakan faɗa wa kowa, yau ya cuci wannan, gobe wancan, kuma idan aka nuna shi ana gyarawa. Amma idan ka ga "kuskure" ya shekara goma yana zuba riba a aljihu ɗaya, ana ta kuka ba a taɓa shi ba, to wani ne ke gadinsa.

Sai mu dawo kan naka fannin. Garwa gari ne na auduga. A nan hedikwatar SODECOTON, kamfanin auduga na ƙasa, take tun kafuwarta a 1974, a nan masaƙar CICAM take, kamfanin da aka kafa tun 1965. A 'yan shekarun nan audugar da manoman arewa ke kawowa takan haura tan 300,000 a shekara, amma ɗan abin da ake kaɗawa a saƙa a cikin gida bai taka kara ya karya ba. Kusan duka ana ɗaure ta a kai Duwala, ta tafi Asiya, ta dawo maka a matsayin atamfa ta hanyar Kantin Kwari da Mubi. A takarda akwai kariya: harajin bai-ɗaya na ƙasashen CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, ya kai kashi 30 cikin ɗari a kan kayan da aka gama sarrafawa, ga harajin saye na kashi 19.25 a kai. Da ana karɓar wannan cif-cif a kan kowane bandir, da lissafin kasuwa ya canja. Kai ka fi ni sanin yadda kaya ke ƙetarowa, da abin da ake ajiyewa a kowane shinge. Doka tana kare masaƙa, aiwatarwa tana ciyar da mai shinge. Waɗanda ke sama ba su jahilci wannan ba, tunda su ke tura ma'aikata wuraren, kuma kowa ya san wace kujera ake rububi.

Amma a yi adalci, ba duk laifin nan ne na Yawunde ba. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001, aka kuma ɗage ƙa'idojin da ke taƙaita cinikin tufafi a duniya a Janairun 2005. Guguwar da ta biyo baya ta kwantar da masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda suka fi namu girma nesa ba kusa ba. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, alhali Najeriya ta daɗe tana haramta shigo da yadi. Ka ga haramci kaɗai ba ya ceton masaƙar da ba ta da wuta mai sauƙi da sabbin injuna. Laifin da zan ɗora wa namu shi ne sun ga guguwar tana tafe, suna da auduga a hannu, suka bar masaƙar ta dogara da atamfar ranar mata ta 8 ga Maris da odar bukukuwa, maimakon a zuba mata jari da gaske.

Akwai kuma manyan da ba namu ba. A 2003, a taron Kankun na ƙasar Meziko, Chadi da Benin da Burkina Faso da Mali suka kai kukan tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta. Manoma wajen 25,000 ne, amma a shekara guda a farkon shekarun 2000 sun samu sama da dalar Amurka biliyan 3, abin da ya danne farashi a kasuwar duniya, ya rage abin da manomin Mundu a Chadi da na Gidar a nan Kamaru ke samu. An kai hujjoji, an kai alƙaluma. Burazil ta kai ƙara ta yi nasara, daga baya a 2014 aka sasanta da ita da dala miliyan 300. Ƙasashen namu huɗu sun fi samun alƙawari. Bayan 2003 babu ɗan majalisar Amurka da zai ce bai ji ba. Manomin Tekzas yana da ƙuri'a a can, manomin Chadi ba shi da ita, shi ke nan.

Haka yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai. Kamaru ta sa hannu a 2009 ita kaɗai a cikin CEMAC, ta fara sauke duwan a kan kayan Turai daga 4 ga Agustan 2016. Babban dalili shi ne kada ayabar da ake fitarwa daga kudu ta rasa shiga kasuwar Turai ba haraji. Masu gonakin ayaba kaɗan ne, sun san lambar wayar wanda za su kira. A nan zan ɗan rage maka zafi: gwanjo da yadi suna cikin kayan da aka keɓe daga wannan yarjejeniya, saboda haka ba ita ce ta kawo maka abin da kake kuka da shi ba. Mutane da yawa a kasuwa suna ɗora mata komai, kuma wanda ya saɓa gano ciwonsa zai sayi maganin da ba nasa ba.

To ina gaskiyar surukinka? Tana nan, kuma ba ƙarama ba ce. Akwai abin da manyan suka jahilta da gaske, wato yadda arewa ke numfashi. Kusan tara cikin goma na masu aiki a ƙasar nan ba sa cikin rajistar kowa. Lokacin da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a Maris 2023 zuwa sefa 60,000 ga yawancin kamfanoni masu zaman kansu, telan da ake biyansa kan kowace riga bai ga canji ba, sai dai ya ga litar fetur ta tashi daga 630 zuwa 730 a Fabrairun shekarar, ta sake tashi zuwa 840 a Fabrairun 2024. Jami'in da ke ofis a Yawunde yana kallon ciniki ta tashar Duwala, domin nan alƙalumansa suke. Mu kuwa kasuwarmu Yola ce da Mubi da Maiduguri da Injamena. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, ya tsaya cak har yau. Idan aka hana fitar da hatsi don a sauke farashi, kamar yadda aka yi a ƙarshen 2021, mai rubuta takardar yana tunanin matar da ke cefane a birni, bai lissafa manomin da kasuwarsa mafi kusa take ƙetaren iyaka ba. Wannan rashin sani ne. Amma ni ba na wanke su da shi. Mutum yakan san abin da rashin saninsa zai ja masa asara. Wanda ya shekara talatin bai san yadda kasuwar Garwa ke tafiya ba, ya tabbata ne rashin sanin ba ya rage masa komai.

Wani lokacin ma hannunsu a ɗaure yake, kuma wannan kashi na uku ne da gardamarku ta tsallake. Dattawan kasuwa sun tuna 1993, da aka zabge albashin ma'aikata sau biyu, a Janairu da Nuwamba. Sai ga Janairun 1994, aka taru a Dakar aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa guda da yake sefa 50 ya koma 100. Ɗan kasuwar da ya kwana da bashin kayan waje ya wayi gari bashinsa ya ninka. Shugabanni da dama ba su so ba, Faransa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka matsa. Duk da haka, yadda aka raba raɗaɗin a cikin gida zaɓi ne na gida. Har yau sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, abin da ke sa kayan waje su yi wa mai sefa sauƙi, kayan da muke yi kuma su yi wa maƙwabta tsada duk lokacin da kuɗinsu ya faɗi.

Alhaji, ka yi mini haƙuri da abin da zan faɗa yanzu. Da ka sallami teloli biyar, ka san suna da iyali. Ba ka ƙi su ba, ba ka kuma jahilci halin da za su shiga ba. Ka duba mai gidan haya da ba ya jira, ka duba dilan da ke binka, ka duba wanda zai iya haƙuri bai kai ka ƙara ba, sai ka sauke nauyin a kansa. Kuma atamfar Sin da kake kuka da ita, a kan kantarka take, domin ita mai saye ke iya biya. Ban faɗi wannan don in daidaita ka da mai riƙe da amanar ƙasa ba, nauyinku ba ɗaya ba ne, shi ya yi rantsuwa kai ba ka yi ba. Na faɗa ne don ka ga yadda ake cutar da mutum ana sane, ba tare da an ƙudurce shi da sharri ba. Idan ka gane wannan, za ka iya hango abin da za su yi gobe: duk matakin da zai kwantar da Duwala da Yawunde, ya cika baitulmali, ya gamsar da masu bin ƙasa bashi, shi za a ɗauka.

Yanzu ga kuɗinka. Ban goyi bayan ka zuba miliyan 6 a shinkafar waje ba. Ribar shinkafa mai kauri tana wurin mai sauke jirgi a Duwala. Kafin buhu ya iso Garwa ya bi hannu biyu ko uku, kuma kaya ne da ma'aikatar ciniki ke ƙayyade wa farashi, ba ka da damar ɗagawa yadda kake so. Mu yi lissafin misali, kai ka sa farashin yau a gurbinsa. A ce buhu ya tsaya maka 20,000 har sito, kana cin 500 a kowanne. Kuɗinka buhu 300 ne, ribar juyi guda 150,000, kafin ka cire hayar sito da 'yan dako da wanda zai karɓa bashi ya ɓace. Ranar da farashi ya sauka da 1,500 kana da cikakken sito, ka yi asarar 450,000, ribar juyi uku ta tafi a dare ɗaya. Kuma abin da ke motsa farashin nan ba ya hannunka, ba ya ma hannun Yawunde kaɗai. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020. A Yulin 2024 ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Kowane irin wannan mataki yana juya kasuwar shinkafar iyaka. Wanda ya shekara ashirin a harkar yana da masu raɗa masa kafin labari ya fito. Kai sabon shiga za ka ji ne a rediyo.

Shagonka kuwa yana da abin da kwantena daga Sin ba ta iya kawowa. Ba ta auna kafaɗar mutum, ba ta yin babbar riga da aikin da ya dace da ɗan Garwa, ba ta ɗinka ankon biki cikin kwana huɗu, ba ta gyara rigar makaranta idan yaro ya ƙara tsawo. Inda ka sha kaye shi ne ƙananan kaya na yau da kullum, rigunan yara da na zaman gida, kuma can ba za ka dawo ba ko da an canja gwamnati gobe. Ka bar wa gwanjo wannan fili. Kafin ka kashe ko sefa ɗaya, ka ɗauki littafi ka rubuta aikin wata uku: kowane irin ɗinki, nawa aka biya, nawa zare da wuta da ladan tela suka ci, awa nawa ya ɗauka. Yawancin masu shago da suka yi wannan sukan tarar iri biyu ko uku ne ke ɗauke da shagon, sauran ana yin su ne don sabo.

Da ni ne, kusan miliyan 2 zan sa a abin da zai ƙara wa shagon ƙarfi: injin surfani mai kyau, da faifan sola da batir da za su riƙe kekuna. Ka san yadda wuta ke yi idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya da rani, kuma sau da yawa lokacin ne aiki ya fi yawa. Telan da ya cika alƙawari ranar jajibirin Salla alhali maƙwabtansa suna zaune a duhu, ya sayi abokan ciniki na shekara. Idan injin daga Turai zai zo, ka sa mai fitar maka da kaya a duwan ya duba ko yana cikin waɗanda yarjejeniyar nan ta sauke wa haraji, kuma ya nemi takardar shaidar asalin kaya. Manyan kamfanoni ne suka fi cin wannan rangwame, domin su ke da masu karanta musu takardu, amma dokar ba ta hana ƙarami ba.

Miliyan 2 da rabi su tafi yadi, amma kada ka saya a tashi ɗaya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Ga mai sefa wannan ya sa kayan Kano sun yi sauƙi na wani lokaci, kafin 'yan kasuwar can su ɗaga farashi su cimma canjin. Darasin shi ne kaya masu yawa a kanta haɗari ne, domin wanda ya saro bayanka da sati biyu zai iya karya maka farashi. Ka riƙa saro kaɗan-kaɗan, akai-akai. Kada naira ta kwana a hannunka fiye da buƙatar tafiya guda, kuma kada ka ci bashi da kuɗin da ba da shi kake sayarwa ba. Abin da ka biya wa duwan, ka karɓi takardarsa ka adana. Na san kayan da suka bi ta daji sun fi araha, amma kamu ɗaya yana cinye ribar tafiya goma, kuma babbar oda ba ta zuwa wa wanda ba shi da lambar haraji da rasit.

Sauran miliyan 1 da rabi kada ka taɓa su. Ka tuna yadda zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, ta yi tashin gwauron zabo bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da sabon shugaban Najeriya ya ce tallafin mai ya ƙare. Jawabi ɗaya a Abuja ya taɓa kuɗin moto da na dako da na janareta a Garwa da Marwa cikin 'yan kwanaki. Irin wannan zai sake faruwa, ko daga can ko daga nan, kuma mai ajiyar wata uku na haya da ladan ma'aikata shi ke tsallakewa ba tare da ya karyar da kayansa ba.

Hattara da odar gwamnati. Tana da daɗin ji, ɗaruruwan riguna a takarda ɗaya, amma biya yakan yi jinkiri, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ba ya iya jiran shekara. Makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya, da ƙungiyoyin mata masu anko, da masu biki sun fi maka, in dai ka karɓi rabin kuɗi kafin almakashi ya taɓa yadi.

Akwai wata ɗabi'a da nake so ka ɗauka. Kowace shekara a watan Nuwamba ake kai dokar kasafin kuɗi majalisa, a sa mata hannu a Disamba, ta fara aiki 1 ga Janairu. A cikinta ake rubuta abin da za a ƙara wa duwan da abin da za a sauke. Manyan masu shigo da kaya suna karanta ta tun tana daftari. 'Yan kasuwarmu kuwa sai a Fabrairu, a bakin shinge, suke jin an canja. Ka samu yaro mai Faransanci, ko ɗanka ko na maƙwabci, ya karanta maka sashen duwan da na haraji. Tun 2020 gwamnati ke maganar maye gurbin kayan waje da na gida a tsarinta na shekara goma. Kada ka gina lissafinka a kan jawabin. Ranar da ka ga layi a dokar kasafi ya taɓa yadi ko gwanjo ko injuna, wannan ne abin da za ka yi aiki da shi.

Game da ko ana iya juya su, an taɓa yi a ƙasar nan. A farkon shekarun 2000 daskararrun kajin Turai suka cika kasuwanni, sama da tan 20,000 a 2003, masu kiwon kaji na gida suka durƙushe. Ƙungiyar ACDIC mai kare muradun jama'a, ƙarƙashin marigayi Bernard Njonga ta tattara samfura daga kasuwanni aka kai ɗakin gwaji, aka tarar yawancinsu ba su dace da ci ba. Suka haɗa masu kiwo da masu saye, suka shiga rediyo, suka taka har majalisa. Kafin ƙarshen 2006 an toshe shigo da kajin, kiwon gida ya farfaɗo. Jami'an ba a ranar suka fara sanin kaji na shigowa ba, su ke ba da izinin. Abin da ya canja shi ne shirun ya fara yi musu tsada. Ka lura kuma da dabarar: ba da kukan mai kiwo kaɗai aka ci nasara ba, sai da aka nuna wa matar birni cewa lafiyar 'ya'yanta ce a ciki.

Teloli da 'yan yadi na Garwa ba za su iya hana gwanjo ba, kuma ban ma ba ku shawarar nema ba, domin talakan da ke sa shi ya fi ku yawa. Amma akwai buƙatu ƙanana da za a iya ci: a ce rigunan makarantun gari a ɗinka su a gari, a rage shingayen da ke tsakaninku da iyaka, a daidaita harajin kasuwa ya zama sananne. Wannan aikin ƙungiya ne mai rajista, mai takarda da alƙaluma, wadda za ta iya zama da magajin gari da reshen majalisar 'yan kasuwa. Ka yi rajistar shagonka a matsayin mai sana'ar hannu a ofishin magajin gari idan ba ka yi ba, ka kuma ja sauran masu shaguna.

Telolin nan biyar da ka sallama, kada ka bari su watse. Ka kira su ku yi magana a fili: ba albashin wata, amma akwai aikin lokaci a kan kowace riga, da farashin da aka amince tun kafin a fara. Lokutan sanannu ne, Agusta da Satumba na rigunan makaranta, Fabrairu na atamfar 8 ga Maris, sai azumi da gabanin Babbar Salla. Huɗun da ke nan ka yanka musu ɗan abin da ba ya canjawa kowane wata, ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba, sannan ladan kowace riga a kai, don kada gwanin cikinsu ya tafi Injamena a lokacin da ka fi buƙatarsa. Shugabannin makarantu kuwa tun watan Mayu ake zuwa musu da samfur da farashi, kafin su yi alƙawari da wani.